Dodon Takarda Ba Ya Cin Mutum, Sai Dai Ya Ci Dare

Ƙannena, dogon hutu ya kama. An gama jarrabawa, an cusa littattafan lissafi da na kimiyya a ƙarƙashin gado, ruwan Agusta yana ta zuba ba ƙaƙƙautawa, an ɗauke wuta tun jiya, waya ta mutu. A irin wannan rana ce nake so in ba ku shawara kan wani nau'in littafi da ba za ku taɓa gani a manhaja ba, wanda kuma in wani babba ya gan shi a hannunku zai iya taɓe baki: labarin dodo mai gudu, irin wanda wata dabba ke farautar mutane tun daga shafin farko, marubuci kuma ba ya barin mai karatu ya huta har sai an ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

A Amurka da Turai waɗannan littattafai suna da kakarsu kamar mangwaro. Watannin zafinsu, Yuni zuwa Agusta, su ne lokacin hutu, iyalai su kwashi tabarma da lema su tafi bakin teku, masu buga littattafai kuma su cika kantuna da labarai marasa nauyi da za a karanta ana kishingiɗe a kan yashi. Har suna suka ba su, wai littattafan bakin teku. Mu tamu bazarar ba ta karatu ba ce, a watan Afrilu ko takarda ka riƙe sai ta jiƙe da gumi. Amma watannin hutunsu sun faɗo daidai da daminarmu da hutun makarantunmu, kuma zaure mai sanyi bai gaza yashin kowa ba.

Ina aji huɗu na sakandare na fara haɗuwa da irin wannan littafi, a wurin wani mai gwanjon littattafai da ke baza hajarsa a kan buhu kusa da tasha. Bangon ne ya ja ni. Wata mata tana iyo a saman ruwa, hankalinta kwance, a ƙarƙashinta kuwa wani kifi ya taso da baki buɗe, haƙora jere kamar wuƙaƙen mahauta. Sunansa Jaws, na Peter Benchley, wanda ya fito a 1974. A lokacin ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan unguwa inda muke kama tarwaɗa. Turancina kuma na tsaka-mai-wuya ne, a kowane shafi akwai kalma biyar ko shida da ban sani ba. Duk da haka, da na kai wurin da yarinyar nan ta shiga ruwa da daddare, ta ji wani abu ya fizge ta, ta zaci ƙafarta ce ta maƙale a dutse, ta kai hannu ta laluba ta ji babu ƙafar, sai na tsinci kaina na naɗe nawa ƙafafun na ɗora kan tabarma. Mutumin da ke zaune a tsakiyar tudu, tafiyar yini guda a mota tsakaninsa da teku, yana ɓoye ƙafa saboda kifi.

Daga baya na gane cewa abin da ya kama ni a wannan dare sana'a ce, kuma tsohuwar sana'a. Kakata ta iya ta tun ba a haifi Benchley ba. Ku tuna yadda ake ba da tatsuniyar Dodo. Gwanar tatsuniya ba ta cewa ga tsawonsa ga faɗinsa. Sai ta ce an ji takunsa daga nesa, sai ta rage murya, sai ta ce ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina. Kowane yaro a tsakar gidan yana ƙera nasa Dodon a ka, kuma wanda ka ƙera da kanka ya fi kowanne ban tsoro domin ya san inda kake da rauni. Steven Spielberg ya koyi wannan darasi a kan dole lokacin da yake ɗaukar fim ɗin Jaws da ya fito a 1975. Kifin inji da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, sai ya koma nuna abin da kifin ke ja, gangunan roba ruwan ɗorawa suna gudu a saman ruwa, da kiɗa mai sauti biyu yana matsowa. Rashin lafiyar inji ita ta gyara fim ɗin.

Sauran dabarun ba su da yawa, kuma da kun karanta littafi biyu ko uku za ku fara hango su. Babi gajere ne, yana ƙarewa daidai inda aka murɗa hannun ƙofa, don ka ce bari in ƙara ɗaya kawai, kamar mai cin soyayyar gyaɗa. Ana ɗaura wa labari agogo: biki yana matsowa, ko guguwa, ko jirgi zai tashi. Ana gabatar maka da wani bawan Allah, a faɗa maka sunan matarsa da abin da ya ci da safe, kai kuma ka san ba zai ga ƙarshen babin ba. Sanin dabarar ba ya rage daɗi, kamar yadda sanin dokar dambe ba ya hana ka tashi tsaye idan an kai mutum ƙasa.

Abin da nake so ku zuba wa ido shi ne wani abu daban, wanda ni ban lura da shi ba sai da na girma. A duk littafin kirki na wannan nau'i, dodo ba ya aiki shi kaɗai. Yana da abokin tarayya a cikin gari, kuma abokin nan yana sanye da riga mai kyau.

A Jaws, shugaban 'yan sandan garin Amity, Martin Brody, ya so ya rufe bakin teku tun gawar farko. Magajin gari, Larry Vaughan, ya hana. Garin da baƙin lokacin zafi yake ci, bikin 4 ga Yuli yana tafe, in aka ce akwai kifi mai cin mutane to kasuwar shekara ta mutu. Editan jaridar garin ma ya yarda a danne labarin. A littafin an ƙara da cewa magajin garin yana da hulɗar kuɗi da wasu miyagu da suka zuba jari a filayen garin, abin da fim bai ɗauka ba. Aka bar bakin teku a buɗe, kifi ya ci wani ƙaramin yaro. Shi kifin yunwa ce kawai take ɗawainiya da shi, bai san kasuwa ba, bai san zaɓe ba. Wanda ya san komai ya kuma yi shiru shi ne wanda uwar yaron ya kamata ta nema, amma Brody ta je ta sauke wa fushinta, kuma bai iya kare kansa ba domin ya san ya biye musu.

Jurassic Park na Michael Crichton, wanda ya fito a 1990, ya fi zurfafa wannan. Wani attajiri, John Hammond, ya sa masana sun farfaɗo da dainaso daga jinin da aka samu a cikin sauron da ya daskare a ƙaro tun zamanin da, ya zuba su a wani tsibiri kusa da Kosta Rika, ya kewaye da shingen lantarki, yana shirin karɓar kuɗin shiga. An tabbatar wa kowa cewa dabbobin ba za su hayayyafa ba domin dukkansu mata aka yi su. Akwai kwamfuta da ke ƙirga su a kai a kai, kullum tana ba da adadi ɗaya, 238, babu wadda ta ɓata. Sai wani masanin lissafi mai baƙar magana, Ian Malcolm, ya ce a umarci kwamfutar ta nemi fiye da haka. Aka ɗaga adadin, ta samo ƙari. Aka sake ɗagawa, ta sake samowa, har ta tsaya a 292. Ashe an tsara ta ne ta gano dabbar da ta ɓace, don haka da ta cika 238 sai ta daina dubawa. Babu wanda ya yi tunanin a yi tsaron ƙari. Masanan sun cike gurbin da ya lalace a ƙwayoyin halittar dabbobin da na kwaɗo, wasu kwaɗin Afirka ta Yamma kuwa, in ji labarin, suna iya sauya jinsi idan babu namiji a kusa. Ga dabbobi suna ta ƙyanƙyasa a daji, ga allo yana cewa lafiya lau.

Na karanta littattafai masu nauyi kan shugabanci da tafiyar da ma'aikata, amma ban ga inda aka nuna wannan cuta sarai kamar a waɗannan shafuka uku ko huɗu ba: mutum ya tambayi abin da yake so ya ji, a ba shi, ya kwanta barci. Babu haƙori ko digon jini a wurin, amma a nan ne gashin jikina ya fi tashi. Wutar shingen ma ba dabba ce ta kashe ta ba. Ma'aikacin kwamfutar wurin, Dennis Nedry, wanda ke ganin an sa shi aiki an hana shi haƙƙinsa, shi ya karɓi cin hanci daga wani kamfani ya kashe na'urorin tsaro a daren da ake guguwa. A Relic na Douglas Preston da Lincoln Child, na 1995, an tsinci gawar yara biyu a ginin ƙasa na babban gidan tarihin halittu na New York, amma shugabannin wurin suka dage sai an yi bikin buɗe baje kolin da aka kashe wa kuɗi, aka tara manyan gari a ɗaki guda. Kun riga kun san sauran.

In kun duba da kyau, ƙashin bayan labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gari, ruwa, wata halitta da ta tsare ruwan, jama'a sun saba da wahala har sun mai da ita doka, sai wani ya zo ya ce shi zai shiga. Wannan ai labarin rijiyar Kusugu ne a Daura, inda macijiya ta hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya iso da dare ya nemi guga. Ba ina cewa Benchley ya taɓa jin sunan Daura ba. Ina cewa ne idan kuka ɗauki irin wannan littafi ba ku shiga gonar wani ba.

Za a ce muku ɓata lokaci ne. Ni ma an faɗa mini. Wani malaminmu ya taɓa ƙwace littafi a hannuna, ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, ya tambayi aji ko wannan zai fito a jarrabawa. Bai fito ba, gaskiyarsa. Amma a hutun da na karanta Jaws na karanta shafi fiye da abin da na karanta a shekara biyu na makaranta, kuma na koyi abin da aji bai koya mini ba, wato in wuce kalmar da ban sani ba in ci gaba, ma'anarta za ta biyo ni a baya. Mai gudun dodo ba ya tsayawa buɗe ƙamus. Kalmar da ka haɗu da ita sau goma a cikin tashin hankali ta zauna maka har abada, wadda ka haddace daga allo kuwa tana tafiya da an karɓi takardar amsa. Ido ya yi sauri, zama ya daɗe, littafi mai shafi ɗari huɗu ya daina ba ka tsoro. Duk wanda na sani da ke karanta manyan littattafai yau, in ka tono, za ka tarar ya fara ne da wani abin da aka raina, ko littattafan James Hadley Chase, ko littattafan soyayya na Kano, ko na yaƙi masu sadaukai da aljanu.

Kuma masu rainawar sun manta tarihin abin da suke girmamawa. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, don a samu labaran da mutane za su karanta da boko saboda daɗi. Yau shi ake wa sharhi a jami'a. Frankenstein, wanda ake ɗauka kakan labaran dodon kimiyya, shi ma ɗan hutu ne. A 1816 Mary Shelley, tana da shekara 18, ta je hutun lokacin zafi a bakin tafkin Janeba tare da mawaƙan nan Percy Shelley da Lord Byron. Dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a shekarar da ta gabata, tokarsa ta lalata yanayi, aka yi ta ruwa da sanyi a Turai a lokacin da ya kamata a sha rana. Da zaman ɗaki ya ishe su, Byron ya ce kowa ya rubuta labarin ban tsoro. Nata ya fito a 1818. Yarinya ce da ruwa ya tsare a ɗaki, kamar ku yau.

Sai dai kada ku ɗauki ilimin dabbobi daga bakin waɗannan marubuta. Sana'arsu tsoratarwa ce, kuma suna ƙara gishiri da ludayi. Kifin shak, irin na Jaws, ba ya riƙe gaba da gari guda yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda yake kashewa a duniya baki ɗaya kimanin goma ne a shekara, sau da yawa ma ba su kai ba, alhali mutane suna kashe miliyoyinsa. Benchley kansa ya yi nadamar baƙin jinin da ya jawo wa wannan kifi, ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare shi har ya rasu a 2006. Dainason nan mai wayo da ke bin yara har cikin gini a Jurassic Park, Velociraptor, na gaskiyarsa bai fi babban talotalo ba, kuma yana da gashin tsuntsu. Meg na Steve Alten, na 1997, ya ce wani ƙaton shak na zamanin da yana nan da rai a ramin Mariana, mai zurfin kusan kilomita 11 a tekun Fasifik. Kifin ya taɓa wanzuwa, ana tsintar haƙoransa masu girman tafin hannu, amma masana sun ce ya ƙare tun shekaru miliyoyi da suka wuce. Dabbar da ta fi cancanci a rubuta mata littafin tsoro tana nan tana muku kuka a kunne yayin da kuke karatu. Zazzaɓin cizon sauro yana kashe mutum wajen 600,000 a shekara, mafi yawansu ƙananan yara a Afirka, Najeriya kuma ita ke kan gaba. Ku karanta a cikin gidan sauro.

Idan labarin ya tayar muku da ƙishirwar sanin dodannin gaske, ba sai kun haye teku ba. A hamadar Tenere ta Nijar akwai wani wuri, Gadufawa, inda masanin Faransa Philippe Taquet ya fara tono a shekarun 1960, daga baya Ba'amurke Paul Sereno ya biyo baya. A can aka samo ƙasusuwan wani kada, Sarcosuchus, da aka ƙiyasta tsawonsa daga mita 9 zuwa 12, da wani dainaso mai cin ciyawa da aka raɗa wa sunan ƙasar, Nigersaurus, mai baki shimfiɗaɗɗe da haƙora sama da 500. Wani kuma da aka tono a yankin Agadas an sa masa suna Jobaria, daga Jobar, wata halitta a labaran Buzayen wurin, waɗanda sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwan a cikin rairayi. Wanda ya je Yamai ya leƙa gidan tarihi na Boubou Hama zai tsaya a gaban ƙwarangwal ɗin dainaso ya ɗaga kai. Har yau ina jiran yaron Agadas ko na Damagaram da zai rubuta mana labarin ayarin da ya yada zango a Gadufawa, da Hausa, da babi gajeru. Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya tun tuni, don haka ba harshen ne ya gaza ba.

In za ku fara, ni Jurassic Park zan miƙa muku. Mutanen cikinsa ba su da zurfi, Malcolm kuma yakan cika wa'azi ko yana kwance da karyayyar ƙafa, amma littafin yana da ƙwaƙwalwa, kuma ya fi fim ɗinsa na 1993 ɗaci, domin Hammond na takarda ba kakan nan mai fara'a ba ne, kuma bai tsira ba. Akwai jini, babu batsa. Relic ya fi iya duhu da dogayen lunguna. Meg rubutunsa sama-sama ne, ana shanye shi kamar ruwan leda a yar. Jaws kuwa, duk da shi ne ya buɗe mini ƙofa, ba zan ɓoye muku ba: tsakiyarsa yana jan ƙafa, akwai ashar, akwai kuma wani dogon zancen cin amanar aure da bai ƙara wa labarin komai ba, wanda Spielberg ya yi hankali ya zubar. Ba na ƙananan yara ba ne, manyanku kuma in kun iso wurin ku tsallake, kifin yana jiranku a gaba.

Haɗarin da na sani a jikina shi ne na dare. A wancan hutun na ce babi ɗaya zan ƙara, na kunna tocila a cikin bargo, ban farga ba sai da batir ya yi ja. Na kwanta wajen ƙarfe uku, aka kira Asuba ban ji ba, aka idar ban ji ba, sai sanyin ruwan buta na ji a fuska, mahaifina yana tsaye a kaina. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki littafin, ya dubi bangon, ya dube ni, ya sa a aljihu ya fita. Kwana uku ya riƙe shi, kuma kwana ukun nan sun fi bulala zafi, domin na bar mutum uku a cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku. Tun daga nan na sa wa kaina doka, ba na buɗe irin wannan littafi bayan Isha'i sai in na san gobe babu aike, babu gona, kuma akwai mai tashina. Littafin ba zai tsaya da kansa ba, an gina shi ne don kada ya tsaya.

Da ya mayar mini, na zauna a zaure na ci gaba. Kifi ya fasa kejin ƙarfe ya tafi da masanin tekun da ke ciki, ɗaya daga cikin mutum ukun nan, ya dawo ya faɗo wa jirgin, ruwa ya fara shiga, tsohon masunci Quint ya caka masa mashi, igiya tana warwarewa. Na juya shafi sai na ga bangon baya. Ganye biyu na ƙarshe babu su, wataƙila wani ya yage ya ƙunshe ƙosai. Na koma tasha da gudu, mai gwanjo ya ce shi bai san da zancen ba, an saya an saya. Shekara shida na yi ina yawo da jirgin nan yana nutsewa a kaina kafin in samu wani kwafi a ɗakin karatu, na buɗe daga baya ina tsaye. Ba zan faɗa muku abin da na tarar ba, sai dai ba irin na fim ba ne, babu abin da ya fashe. Ku dai in kun tsuguna gaban buhun mai gwanjo, kafin ku miƙa kuɗi ku juya littafin ku tabbatar shafin ƙarshe yana nan, ku rufe rubutun da tafin hannu ku duba lambar kawai.